Ba kowace "lafiya lau" ce lafiya ba

Akwai wani abokinmu da muke zaman majalisa da shi bayan sallar isha'i, a gefen teburin mai shayin unguwarmu. Shi ne uban barkwanci, shi ne mai tsokanar 'yan Arsenal. Wajen ƙarshen 2023, lokacin da cire tallafin mai ya sa kaya suka yi tashin gwauron zabi, sai ya fara ja da baya. Yau ya zo, gobe babu shi. In ma ya zo, sai ya riƙe kofin shayi har ya huce bai kai baki ba. Ka tambaye shi, ya ce, "Lafiya lau, Alhamdu lillahi." Mu kuma muka karɓa, don amsar da muke son ji ke nan. Sai da ƙaninsa ya tsegunta mana cewa jarin shagonsa ya karye, ya fi wata biyu rabonsa da barcin kirki, kuma ko wayarsa ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi don tsoron masu bin sa bashi.

'Yan uwana samari da 'yan mata, an tashe mu a kan cewa namiji ba ya kuka, mace kuma haƙuri ne adonta. Haƙuri abu ne mai kyau, amma hanyarsa daban da ta zurfin ciki. Mai haƙuri yana faɗin abin da ke damunsa ga wanda ya dace, ya nemi mafita, ya bar wa Allah sauran. Mai zurfin ciki kuwa haɗiyewa yake yi, har abin ya fito masa ta ciwon kai, ko hawan jini, ko faɗa da matarsa a kan gishirin miya.

Kuma don Allah mu daina ce wa mai damuwa imaninsa ne ya yi rauni. Annabi Yakubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Manzon Allah (SAW) ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihi. Shi ne kuma ya koyar da mu neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma a cikin addu'ar nan har da nauyin bashi. Wa zai ce waɗannan bayin Allah imani ne ya yi musu ƙaranci?

Abin da na fi ganin yana cin mu a ɓoye shi ne rashin barci. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a dare. To lissafa naka. Ka kwanta sha ɗaya da waya a hannu da niyyar duba saƙo ɗaya, sai ka tsinci kanka ƙarfe biyu kana kallon bikin wasu da ba ka taɓa gani ba a TikTok, ga asuba tana jiran ka ƙarfe biyar. Da safe ka tashi kanka kamar an ɗora maka dutse, kowa ya yi maka magana sai ka hau shi da faɗa, sannan ka ce mutane ne suka canza. Ni abin da ya taimake ni ƙarami ne: na daina sa waya caji kusa da katifa, kuma na bar shan shayi mai kauri bayan magariba. In ka samu sarari bayan azahar, ɗan kishingiɗa na minti ashirin, wanda iyayenmu ke kira ƙailula, yana gyara yini.

Wayar nan tana da wata illar da ba mu cika magana a kanta ba. Duk lokacin da aka kai hari a wani ƙauye, kafin awa ɗaya hotunan gawarwaki sun cika rukunonin WhatsApp, kowa na turawa wai don a yi addu'a. Addu'a ba ta buƙatar hoto. Idonka ya gani, zuciyarka ta adana, cikin dare ta dawo maka da shi. Ka kashe abin da ke sauke bidiyo da kansa, kuma duk rukunin da ba ya ƙara maka komai sai tashin hankali, ka yi musu sallama ka fita. Haka lefen wance da motar wane. Ba ka san bashin da ke bayan hoton ba.

Sai motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin awa sau biyar. Ba sai ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Tafiyar da za ka hau adaidaita saboda ita, in ba nisa, taka da ƙafa. 'Yar uwa da ke wuni a ɗaki, ki fito tsakar gida rana ta taɓa ki, ki leƙa gidan gwaggo, zumunci dai a ƙafa yake.

In bashi ne ya hana ka sakat, zauna ka rubuta shi a takarda, wane nawa, wane nawa, sannan ka je ka sami mai kuɗin ido da ido ku yanka lokaci. Ɓuya ninka fargaba take yi. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa ƙwaya tana ɗauke tunani. Ba banza gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba. Tiramol da 'yan uwansa aron natsuwa suke ba ka na awa kaɗan, su karɓa da riba.

Idan kuma kai aka zaɓa aka kawo wa kuka, ka iya bakinka. Kada ka tare shi da "kai ma ka cika sa abu a rai" ko "wasu sun fi ka shiga matsala." Yi shiru ka saurara har ya kai aya, kuma maganar ta mutu a wurinka. Yawancin masu zurfin ciki sun taɓa faɗa ne suka ji zancensu a bakin duniya.

Akwai inda waɗannan dabaru ba sa isa. In mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci kullum, abin da yake so da ya daina burge shi, ci da barci sun rikice, to wannan ciwo ne mai magani, kamar ciwon suga. Yana kama mai jego ma, a yi ta cewa iska ce. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma likitan babban asibitin garinku zai iya duba mutum ya tura shi gaba. Tun Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi kare haƙƙin marar lafiya. Wanda kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira gobe.

Abokin namu, mu uku muka je muka same shi a ɗaki. Ranar farko bai ce komai ba sai hawaye. Daga baya yayansa ya raka shi wajen likita, mu kuma muka raka shi wajen mutum biyu daga cikin masu bin sa. Har yanzu bai gama biya ba, amma ya dawo majalisa, kuma 'yan Arsenal sun koma shan tsokana.