Abarbar da Ba Sinadari: Wa Zai Ɗauki Nauyin Shekarun Jira?

A 2004 Gana ta fitar da abarba kimanin tan 70,000, akasari zuwa Turai, kuma kaso mai tsoka daga ƙananan manoman yankin Nsawam ya fito, masu shuka irin Smooth Cayenne. Kwatsam manyan kantunan Turai suka koma ga MD2, irin da kamfanin Del Monte ya yaɗa daga Kosta Rika. Irin da tsada, kula da shi da tsada. Manyan gonaki suka sauya, mai 'yar gona ya zauna da kaya ba mai saye.

Shi ya sa idan aka ce manoman karkara su noma abarba ba takin zamani ba feshi, tambayata ita ce: wa zai saya, kuma bisa wace yarjejeniya?

Tsarin kansa ina bayansa. A can Kosta Rika, maganin kashe ciyawa na bromacil ya gurɓata ruwan shan wasu ƙauyukan Siquirres, har daga 2007 aka riƙa kai musu ruwa da tanka. Sai 2017 gwamnati ta haramta shi. Manoman Ekumfi na Gana kuwa, masu noman irin Sugarloaf mai fari daga ciki ga zaƙi, dama can ba su cika dogara da sinadari ba, don haka ba daga nesa za su faro ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardar shaidar cewa ba a sa sinadari a gona ba. Dokar Tarayyar Turai na buƙatar gona ta yi shekara 2 zuwa 3 ba sinadari kafin a amince da ita, alhali abarba kan kai shekara ɗaya da rabi kafin girbi. Duk tsawon lokacin nan manomi na duƙe da fartanya cikin ganye mai ƙaya, yana sayarwa a farashin kowa da kowa, ga kuɗin masu binciken gona duk shekara. Bita a otal (abin da ƙungiyoyin agaji suka fi ƙwarewa a kai) ba ta biyan ko ɗaya.

Duk mai son taimako ya biya kuɗin shaidar ƙungiyar manoma a dunƙule, ya sa mai saye ya rattaba hannu kan farashi tun kafin dashe. A kuma kafa wurin matse ruwa ko busarwa kusa da gonakin, domin Sugarloaf ba ta jure doguwar tafiya a jirgin ruwa kamar MD2.