Kwamfutar da ke suma bayan la'asar

Riyal 450 na ƙirga wa mai ita a Harajin Sawarikh, wannan kasuwar gwanjo ta kudancin Jidda inda za ka samu komai tun daga labule har injin wankin da ya girme ka. Kwamfutar tebur ce, irin mai akwati a ƙasa, da Windows 10 a ciki. Ni aikina kargo. Alhazai da 'yan umara su jibgi dabino da jallabiya da darduma, kaya su fi ƙarfin kilon jirgi, su kawo mu tura musu Kano. A littafi nake lissafina, har ranar da shayi ya kife a kan shafin masu bashi, mutum uku suka ci bulus.

Wata biyu muna zaman lafiya da ita. Wata ranar Litinin bayan la'asar ina cikin shigar da kayan wata Hajiya, sai allon ya rine shuɗi fes kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata. Ga wata fuska a kwance, ɗigo biyu da baka, wai ita ce ma ke baƙin ciki. Ta ƙirga har 100, ta mutu, ta farfaɗo, ta kalle ni kamar ba ita ba. Aikin awa biyu ya bi ruwa.

Yara na fara kamawa, don su ne kusa. Na tara su na yanke hukunci: daga yau babu mai ƙara wasan mota a kanta. Autana ya ce, "Abba, ai tun Juma'a ba mu taɓa ta ba." Na ce ai shi ciwo ba ranar da aka ɗauke shi yake kwantar da mutum ba. Kwana biyu da kafa dokar ta sake suma, yaran kuwa suna islamiyya.

Sai na koma kan bairos. Wani mai shago ya sayar mini da maganinsa, ya bincike ta dare guda, ya ce fes take. Na koma kan zafi, tunda iskar Jidda a bazara ko mutum sai ta dafa shi. Na jawo tebur ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ƙure sanyi. Ni na kwashi mura, ita ta ci gaba da sumanta.

Kawuna da ya shekara talatin a ƙasar nan ya zo duba ni, na kai masa ƙara. Ya zagaya akwatin sau biyu ya ce, "Yaro, kambun baka ne. Ka cika nuna ta ga baƙi." Na ce masa wani ya ce wataƙila direba ne ya lalace. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai da ko mota ba ka da ita, yaushe ka ɗauki direba?" Haka ya turara ta da luban ya tafi. Ranar dai ta suma cikin ƙamshi.

Masu kaya kuwa na sama musu bayani mai nauyi. Duk wanda ya zo neman rasit sai in tuna masa ranar 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar kamfanin CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kusan miliyan 8.5 cikin irin wannan shuɗin, jirage suka kasa tashi a ƙasashe da yawa. In ce, "Ka ga, matsalar duniya ce." Su girgiza kai su yi mini jaje.

Ɗan yayata ne ya tsinka ni. Yana karatun kwamfuta, ya zo cin tuwo ranar Alhamis, ya ji ina zuba wannan bayani. Ya ce, "Kawu, wancan manhajar manyan kamfanoni ce, ba ta taɓa shiga akwatinka ba. In ta suma me take rubutawa a ƙasan allon?"

Na ce, "Shuɗi take yi."

"Na ji. Me take rubutawa?"

Mako uku ina kallon allon nan, ban taɓa karanta shi ba. Da ya yi shuɗi sai in dafe kai in hau salati, kafin in ɗago ya wuce. Allah ya taimake ni babbar 'yata ta taɓa ɗaukar hotonsa sau biyu a waya, don ta tanadi hujjar wanke kansu. A ɗaya an rubuta MEMORY_MANAGEMENT, a ɗayan IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL.

Yaron ya ce ba mugunta take yi ba. Idan Windows ta ga kuskure a can ƙuryar aikinta, da gangan take tsayawa cak don kada ta ci gaba ta ɓata bayanai, kuma kafin ta faɗi takan bar wasiyya a wata jaka mai suna Minidump. Direban da aka gaya mini kuwa 'yar manhaja ce da ke yi wa Windows tafinta da kayan cikin akwati. Amma in saƙon yana sauya suna yau wannan gobe wancan, shi ram yake fara zargi, wato 'yan sandunan da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Ya buɗe jakar, ya tsura wa lokutan ido. Biyar da minti goma. Biyar da kwata. Biyar saura.

"Kawu, me ake yi a gidan nan ƙarfe biyar?"

Ban buɗe baki ba muka ji dum! daga kicin. Uwargida ta sa tattasai da daddawa a turmin da ta taho da shi tun daga Kano, wanda ta ce injin markaɗe bai isa ya gaje shi ba. Bango ɗaya ne tsakanin turmin da akwatin, dukansu a kan tayil. Dum na biyu, ƙarfen akwatin ya amsa. A na huɗu allo ya rine.

Na miƙe tsaye na ɗaga murya yadda maƙwabta za su shaida: "Alhamdulillahi, an kama ɓarawo!"

Ta fito da taɓarya a hannu. "Alhaji, wane ne ɓarawon?"

Na dubi taɓaryar na ce bincike bai kammala ba tukuna.

Yaron ya zare wuta, ya kwance murfin, ya taɓa ƙarfen akwatin don ya sauke lantarkin jikinsa, sannan ya leƙa. Ƙura ta yi wa fanka rawani, amma ba ita ya nuna ba. Sandunan ram biyu ne. Ɗaya ya zauna daram, ɗayan ya ɗan karkace, maƙallinsa na gefe a buɗe.

"Kawu, wannan ba da shi ta zo ba. Wa ya ƙara?"

Ɗakin ya yi tsit, har ƙarar mukayyif ana ji. Makonni uku da suka wuce na sayo mai giga 8 don ta ƙara gudu, na kalli bidiyo rabi, na sa da hannuna da daddare ba wanda ya sani. Da na danna na ji yana turjiya, sai tsoron karya kuɗina ya kama ni, na bar shi a haka na mayar da murfi.

Ya zare shi, ya hure ramin, ya saita, ya danna da manyan yatsu biyu. Ƙas! Ya rubuta mdsched, kwamfuta ta tashi ta gwada ram ɗinta da kanta, ba kuskure ko ɗaya. Don a tabbatar, ya roƙi gwaggonsa ta koma ta daka da ƙarfi. Ban taɓa jin tattasai ya sha irin wannan dukan ba. Allo ko gezau.

Yara suka kafa kotu a take, aka ci ni tarar shawarma huɗu da sa'a biyu na wasan mota kullum har ƙarshen wata. Kawuna da labari ya kai masa ya ce shi dai ya san luban bai faɗi ƙasa banza ba. Uwargida ba ta nemi ko halala ba. Sai dai har yau, da ƙarfe biyar ta yi, za ta leƙo da taɓarya a kafaɗa, ko da baƙi a falo, ta ce, "Injiniya, zan ɗora miya. A tambayo mini Hajiyar ƙarƙashin tebur ko ta ba da izini."