Nasiha ga samarin Yamai masu neman motar gudu

Ƴan'uwana samari, motar gudu ta hannu ba a cinikinta da ido da kunne. Mustang ce, Camaro ce ko BMW, wanda ya fara sayenta don gudu ya saya, kuma ya taka ta iya son ransa kafin ta hau jirgin ruwa ta sauka Lome ko Kwatano. Fenti da ƙarar salansa kyan ɗan maciji ne. Ka tafi da makanikenka wanda kai za ka biya, kada ka dogara da na dillali.

Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita sai ka iso. Ɗora hannu kan injin, in ka ji ɗumi to an riga ka, domin inji mai ciwo da sanyi yake kuka. Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, fitilar inji da ta jakar iska su kama, su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ta aka yi. Sai ka koma baya ka dubi hayaƙi. Shuɗi yana nufin tana ƙona man inji. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa ruwa ne ke shiga silinda, juwan kilas (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa) ya ƙone ke nan, gyaran kuwa sai an sauke kan inji. Buɗe murfin man inji, in ka ga kumfa kalar shayi da madara, ka ƙara bincike.

Inda na fi so ka daɗe shi ne zafi. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, ga ƙura tana toshe radiyato. Bar motar a tsaye minti 20 da kilim a kunne. Allurar zafi ta tsaya tsakiya, fanka ta kama da kanta. Matsa tiyon ruwa tun injin na da sanyi, kada ya yi tauri kamar ƙirare ko laushi kamar tsumma. A BMW da yawa tankin ruwa da mahaɗan tiyo na roba ne, suna tsagewa in sun tsufa. Tambayi ko an cire kalosta, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa radiyato in inji ya yi zafi, don wasu da haka suke rufe matsalar zafi. In Mazda RX-8 ce, kashe ta da zafinta ka sake tayarwa nan take. In ta yi ta jan numfashi kafin ta kama, injin ya rasa matsi, masu iya gyaran irinsa kuwa ba su da yawa.

Daga nan a hau da ita kan ramin garaji. Motar gudu ƙasa-ƙasa take, cikinta na dukan tudun hanya da duwatsun unguwa, saboda haka a duba kaskon man inji ko ya loɓa ko yana yoyo. A duba shasi ko akwai sabuwar walda. Tsatsa mai ɓarewa alamar gishirin da ake zuba wa hanyoyin Turai da Kanada ne lokacin ƙanƙara. Ɗaga kafet, ja bel ɗin kujera har ƙarshe, in da busasshen taɓo ko warin ruma, ambaliya ta ci ta a can, kuma wayoyinta ba za su bar ka ka huta ba. Gefen taya akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayoyin baya da suka fi na gaba cinyewa sosai shaida ce an yi wasa da motar.

Ka fita da ita hanyar Dosso, kai ke tuƙi, rediyo a kashe. A giya ta huɗu kana tafiya a hankali, taka totur sosai. In injin ya yi ihu gudu bai ƙaru ba, ambireyaj ya ƙare. Sitiyari na rawa in ka taka birki, faifan birki ya karkace. Bayan kun dawo a sa na'urar OBD, mai karanta laifuffukan da kwamfutar mota ta ajiye, a ƙarƙashin sitiyari, za ta nuna in kwanan nan aka goge su.

Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. Ta jikin gilashin gaba, ta bakin ƙofa, ta takardar duwan da ta kartigiriz su zo ɗaya, in harafi guda ya saɓa kada ka ba da ko dala. In daga Amurka ta fito, da wannan lambar za ka ciro tarihinta a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motoci. Kafin ka ce ka saya, zagaya kasuwar Katako ka tambayi kuɗin famfon ruwanta da tayarta guda. Ka kuma duba murfin tankinta, in an rubuta 95 ko 98, wato lambar ingancin man da take sha, man ruwa-ruwa na kwalba zai sa injin ƙwanƙwasa har ya ci fistin.