Wa kake zagi haka?

A watan Agusta 2023, da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya, kayana suka maƙale a Jibiya har rabinsu ya lalace. Jikka 400 ta narke, kuɗin da na ranta. Masu bashi sun yi mini haƙuri. Ni ne ban yi wa kaina ba.

Wata asuba ina alwala a tsakar gida, buta a hannu, ashe a fili nake gunaguni: "Sakarai, wawa, kai dai ba ka taɓa tsinana komai ba." Inna tana kan tabarma da carbinta, ta ce, "Wa kake zagi haka?" Na ce kaina. Ta ce, "To ɗana kake zagi, kuma ban yarda ba."

Dariya na yi, amma maganar ta bi ni har babbar kasuwa. Shekarar nan ƙanena ya faɗi jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare, ni na zaunar da shi na ce faɗuwa ba mutuwa ba ce, baɗi na nan. Wannan bakin, da aka zo kaina, sai ya koma bulala.

Mu nan Maradi mun ɗauki zagin kai tamkar tawali'u, ko alamar mutum ya san ciwon kansa. Ban yarda ba. Wata uku ina zagin nan, ko dala bai maido mini ba, sai rashin barci da tsoron taɓa wata sana'a. Akwai hadisi a Buhari da Muslim, daga Nana A'isha, inda Annabi (SAW) ya hana mutum ya ce "raina ya ƙazanta", sai dai ya ce raina ya ɓaci. Kalma ɗaya aka sauya. Wata malamar jami'a a Amurka, Kristin Neff, tun 2003 take bincike kan tausaya wa kai, abin da take cewa bai wuce na Inna ba: yi wa kanka maganar da za ka yi wa aboki, ka tuna ba kai kaɗai ke kuskure ba.

Ba wanke kaina nake ba. Zuba jari duka a mota guda ganganci ne, na yi shi. Yanzu haka nake faɗa: "na yi ganganci", ba "ni banza ne" ba. Idan kuma abin ya kai ga barin abinci, ko jin gara mutuwa, wannan sai likita.

Muryar tana dawowa, galibi bayan isha'i in lissafi ya ƙi fita. Nakan rufe littafin in ce, ɗan Inna, je ka kwanta.