Wa ke da gidan rediyon da kake saurare?

Jama'a, akwai tambayar da ba mu cika yi ba a Bauchi. Gidan rediyon nan da muke kunnawa tun bayan sallar asuba, na wane ne? Shirin siyasar da muke jira da dare, wa ya biya kuɗinsa? Mun haddace muryar masu gabatarwa, yaranmu ma suna rera taken shirye-shirye, amma ka tsayar da mutum goma a Wunti ka tambaye su mai gidan, da wuya su faɗa maka. Wannan rashin sanin yana damuna ƙwarai, domin mai gidan ne ke yanke abin da za mu ji, kuma shi ke yanke abin da ba za mu taɓa ji ba.

A ƙasashen waje a fili ake cinikin. Rupert Murdoch ya sayi jaridar The Sun ta Ingila a 1969, ya ƙara da The Times a 1981. Ƙarfinsa ya kai ga a 1995 Tony Blair, yana jagoran 'yan adawa, ya niƙi gari har Ostireliya don ya yi wa manyan ma'aikatan Murdoch jawabi. Da zaɓen 1997 ya zo The Sun ta mara masa baya, ya kuma zama firaminista. Mai neman mulkin ƙasa guda ya fara kai gaisuwa wurin mai jarida kafin ya fuskanci masu ƙuri'a! A Amurka kuwa Jeff Bezos, mai kamfanin Amazon, ya sayi Washington Post a 2013 kan dala miliyan 250. Ana saura kwanaki kaɗan zaɓen 2024 ya hana jaridar bayyana ɗan takarar da take goyon baya, abin da ta shekara da shekaru tana yi. Mutum ne da kamfanoninsa ke da kwangiloli da gwamnati. Masu karatu fiye da 200,000 suka janye kuɗinsu. Sun iya yin fushi ne saboda sun san mai ita, kuma da kuɗinsu take tafiya.

Mu ma mun ga namu. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta karɓe kashi 60 cikin 100 na jaridar Daily Times, ta kuma ɗauke New Nigerian ɗungurungum. Iyayenmu suna ba da labarin lokacin da sharhin New Nigerian kan hana manyan Legas barci. A 2006 aka mayar wa jihohin Arewa 19 da ita, sai ta zama ta kowa kuma ba ta kowa ba. Yau ka zaga wurin masu sayar da jarida ka neme ta, ko ka nemi Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ka ga ko za ka dace.

Ban ce laifi ne ɗan siyasa ya mallaki jarida ba. Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937 ya yaƙi Turawan mulkin mallaka da ita, Awolowo ya kafa Tribune a 1949, Abiola ya kafa Concord a 1980. Amma duk wanda ya ɗauki ɗayansu ya san bakin wa yake karantawa, sai ya auna maganar da ma'aunin da ya dace.

Abin da ke faruwa a nan ya fi wannan ɓoyuwa. Tun da Babangida ya buɗe ƙofa a 1992 aka fara ba 'yan kasuwa lasisi, gidajen rediyo suka yawaita, kuma alhamdulillahi an amfana. Talaka ya sami inda zai buga waya ya ce famfon unguwarsu ya ƙafe. Sai dai gidan rediyo cin kuɗi gare shi: ga dizal, ga albashi, ga sabunta lasisi, ga gyaran na'ura. Manyan masu talla suna Legas da Abuja da Kano. A jiha irin tamu wa ya rage mai kuɗin talla? Gwamnati, sai masu neman su zama gwamnati. Saboda haka attajiri ba ya bukatar sayen gidan gaba ɗaya. Sa'a guda yake saya, gobe ya ƙara wata, har ya wayi gari ba a iya ambaton sunansa sai da yabo.

Ku je teburin mai shayi da misalin ƙarfe tara na dare. Rediyo na rataye a jikin ƙusa, masu Keke Napep sun faka, kowa ya riƙe kofinsa ya yi tsit. Sojan baka ya shigo, ya yi wa wane wankin babban bargo, ya ce wane kuwa ko a Makka sai an tafa masa. Shirin na ƙarewa musu ya kaure, wani har da rantsuwa, wai ai a rediyo aka faɗa. Ba wanda ya gaya wa bayin Allahn nan cewa minti ashirin ɗin da suka saurara sayen sa aka yi kamar tallan maganin basir.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan jaridar kansa. Na san wani ƙanena, yaro mai ƙwazo, da ya gama karatun aikin jarida ya sami aiki a wata tasha. Katin shaida aka ba shi, albashi kuwa sai an ga hali. Na taɓa raka shi wani taron manema labarai. Ana tashi sai ga wani jami'i da takarda, aka jeru, kowa ya rubuta sunansa da na gidansa, aka miƙa masa ambulan, wai kuɗin mota. Ya sa a aljihu bai ko kalle ni ba. A hanya ya ce, “Yaya, da wannan zan sayi madarar yarinya.” Ban iya ce masa komai ba. Amma ni da shi mun san idan baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Ranar da ya gano asibitin da wannan ofishin ya ce an gama ko rufi ba a yi masa ba, da wane bakin zai faɗa? In ma ya rubuta, edita zai tuna wa ke ba su talla.

Labarin da aka binne ya fi ƙaryar da aka watsa cutar da mu. Ƙarya dai wani zai fito ya ƙaryata. Amma kwangilar da aka biya ba a yi ba, da taki da aka karkatar, da malaman da ke bin bashin albashi, in ba a faɗa ba shi ke nan, sai ka ɗauka lafiya lau ake.

Wanda ya ƙi ambulan kuma akwai bulala. A watan Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tashar Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga. A 2023 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara. Amma kafin kotu ta yi magana ƙananan tashoshi sun riga sun ɗauki darasi. Alhali sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. Kowace tasha ta bayyana sunayen masu hannun jari a cikinta. Kowane shiri da aka saya a faɗa da Hausa, a farkonsa da ƙarshensa, cewa wane ne ya ɗauki nauyi, ba a ɓuya bayan sunan wata ƙungiyar magoya baya ba. 'Yan majalisar jiha su nemi a kawo musu lissafin abin da gwamnati ke kashewa a talla, da gidajen da ake ba. Gidajen rediyo da talabijin na jiha kuwa da kuɗin jama'a ake biyansu, har da na wanda bai zaɓi mai mulki ba, saboda haka ɗan adawa ma yana da haƙƙin a ji muryarsa a ciki. Ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ ita ma ta tsaya kan masu ɗaukar yara aiki ba albashi. Ku kuma masu buga waya a shirye-shirye, bayan kun gaida mai gabatarwa da mutanen gida, ku tambaye shi wa ya biya kuɗin shirin na yau.