Daren da ƙugiya ta kama Kawu

Ni dai na faɗa harkar ɗaura gashi a jikin ƙugiyar kamun kifi. Kifayen bayad da agam na Bahar Maliya ƙananan kifi suke bi, sai ka haɗa musu na ƙarya da gashi da zare, ka jefa ka riƙa ja. Ɗaurin kuwa hannu biyu yake ci, ɗaya da zare ɗaya da gashi, dole sai da malzama mai damƙe ƙugiyar.

Wajen zama, malzama iri biyu ce. Akwai mai gindin ƙarfe mai nauyi, ka ajiye ta ko a kan kafet. Akwai wadda ake maƙalawa a bakin tebur a murɗa. Ta biyun na saya ta intanet, don ta fi araha kuma ba ta rawa. Sai da ta iso aka tashi neman tebur a gidan da kowa a ƙasa yake zama. Ɗaya ne tak, na gilashin uwargida, kallon da ta yi mini kuwa ya wadatar. Bakin taga ya yi kauri, maƙalin bai buɗe ya wuce santimita 5 ba. Ƙarshenta 'yar kujerar kicin ta ɗauki aikin.

Daren Alhamis na kinkimi kujera da malzama zuwa majalisar Kawu. An yi isha, an zuba shayi, na ce yau za a ga Clouser, ɗaurin da wani Ba'amurke, Bob Clouser, ya fito da shi a 1987. Idanun ƙarfe ake fara ɗaurawa kusa da hancin ƙugiya, zare na gicciyawa a kansu, sannan farin gashin wutsiyar barewa a gefe ɗaya, mai launi a ɗayan. Nauyin idanun ne ke kifar da ita a ruwa, tsini ya kalli sama, ta daina kama dutse.

Har darasi na yi musu. Na ce gwiwar ƙugiya ake sa wa a baki, a bar tsini a waje, jikinta ya miƙe sambal. A murɗa ƙusar gaba har leɓɓan su taɓa ta, sannan a danne hannun baya. Gwajin malzama kuma ɗaya ne: ka danna hancin ƙugiyar da babban yatsa, in ta kirki ce ƙugiya za ta lanƙwashe kafin ta zame. Duk wannan gaskiya ne, har gobe. Abin da mai sayarwa bai rubuta ba shi ne bakin tasa na ƙananan ƙugiyoyin rafi ne, irin lamba 12 da 14. Ni kuwa 4/0 na sa, mai kaurin waya, ta teku. Leɓɓan sun wage, ba su kwanta a jikinta ba, gefe ɗaya kawai suka ciza, can a tsinin baki. Ƙarfen ma sulɓi ne, babu tsagin da manyan ƙugiyoyi ke zama a ciki.

Na kama zare mai kauri, denier 210, na naɗa, na ce, "Kawu, matso ka ga yadda ake jan sa." Ya matso. Na ja.

Ƙas!

Ban ga tashinta ba. Na dai ga malzama baki wayam, zare na reto. Kowa ya duƙa yana duba kafet, masu ƙafa tsirara sun ɗage ƙafa sama. Kawu ne kaɗai bai motsa ba, kofin shayi na hannunsa, ga ƙugiya a jikin shimag ɗinsa, mayafin kan nan na mazan Saudiyya, daidai saman kunne, idanun ƙarfen nan biyu suna kallon jama'a. Sabon shimag, wanda ya saya don ɗaurin auren Juma'a.

Ya ce, "Ɗana, a fatsar taku har da mutane?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu, bari in zare."

Ba ta zaruwa. Ban danne haƙorin ƙugiyar da filaya ba tukuna, sai an gama ɗauri nake yi, haƙorin kuma aikinsa ke nan, ya shiga ya ƙi fita. Na ja baya, zaren shimag ya biyo. Kawu ya ce ba zai tuɓe a gaban yara ba. Haka na durƙusa a kansa ina numfashi a kunnensa, wani na haska mini da waya, na tura tsinin ya ɓullo ta ɗaya gefen. Filayata ta kasa yanke wayar, sai da aka aika ƙasa aka aro babba. Duk tsawon lokacin nan Kawu bai fasa kurɓar shayinsa ba, sai dai ya ce, "A hankali, kunnen nawa ne."

Mai haskawar nan ashe bidiyo yake ɗauka. Kun san shi, mutuminku mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Shi ne kuma ya ce da na je Bangala, kasuwar kifi ta Jidda, na sayi rubyan, wato jatan lande, rabin kilo na soka a ƙugiya, da tuni muna cin soyayyen kifi. Mutumin da bai taɓa jiƙa ƙafa a bakin tekun Obhur ba! Mukayyif ɗin ɗakina da ya gyara har yau ɗiga yake, bokiti ne a ƙarƙashinsa, in na kira shi ya ce yana Makka. Amma kafin in sauko daga bene bidiyo ya shiga WhatsApp, har da sa masa kiɗa. Ƙanwata da ke Madina ta bugo tana tambaya ko Kawu ya ji ciwo, tana maganar tana shaƙewa da dariya.

Yanzu dai malzama mai gindi nake nema, mai taurin baki da tsagi, wadda aka rubuta ƙarara tana riƙe har 4/0 ko sama. Ta kamfanin Regal bakinta da sifirin yake, matsa hannu kawai kake yi ta buɗe. Ta kamfanin Renzetti kuma tana juya ƙugiya a kan layinta, ka ga cikin ɗauri da bayansa ba tare da ka kwance ba. Kuɗin ne dai.

Uwargida ta karɓe kujerarta. Ta ce akwai shaidar murɗi a jiki, na ce da ma can akwai.