Kada mu jira sai kunci ya kumbura

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa maza da mata.

Mu Musulmi ba baƙi ba ne a sha'anin tsaftar baki. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ce da ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da yin asuwaki a kowace sallah. An tambayi Nana A'isha (RA) me yake fara yi idan ya shigo gida, ta ce asuwaki. Har a ciwon ajalinsa, da ɗan'uwanta Abdurrahman ya shigo riƙe da ɗanyen asuwaki, ta ga Annabi yana kallonsa, sai ta karɓa ta tauna ta tausasa masa, ya goge bakinsa da shi.

Abin da ke damuna shi ne, da yawanmu asuwakin na cikin aljihu, amma mutum zai kai shekara 50 bai taɓa buɗe wa likitan haƙori bakinsa ba. Sai ranar da ciwo ya hana shi barci, ya kwana dafe da kunci, ya cusa kanumfari a kogon, ya kuskure da ruwan gishiri, ya aika yaro kemis a sayo maganin kashe zafi. Kwana biyu ya lafa, ya ce alhamdulillahi na warke. Wallahi bai warke ba. Sau da yawa lafawar nan alama ce jijiyar haƙorin ta mutu, ruɓar kuma ta gangara saiwa tana tara mugunya. Irin wannan mugunya idan ta bi ƙasan haɓa zuwa wuya tana iya toshe numfashi, ana rasa rai ta nan.

Dalilin da ya sa jiran ciwo kuskure ne: ɓawon haƙori na waje ba shi da jijiya. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki suna cin sukarin shayinmu da lemon kwalba da alewa, suna fitar da tsami mai narkar da ɓawon a hankali, watanni ko shekaru, kai ba ka jin komai. Kamar gara ce a cikin azara, waje lafiya lau, ciki ya zama gari. Likita na ganin wannan ɗan rami tun yana ɗigo, ya cike shi a zama ɗaya. In ka jira, sai dai aikin jijiya mai tsada, ko a cire. Haƙoran babba 32 ne in sun cika, wanda ya fita kuma ba ya sake tsirowa.

Akwai kuma dattin da ke ƙanƙarewa ya zama kamar dutse a gindin haƙori, musamman bayan na gaba na ƙasa. Taɓa wurin da harshenka yanzu ka ji. Da zarar ya ƙanƙare, asuwaki ba ya ciro shi, buroshi ma haka, sai an yi wankin haƙori a asibiti. Shi ke sa dasashi ya riƙa jini, baki ya riƙa wari har na kusa da kai a sahu ya kau da kai, a ƙarshe haƙori mai lafiya ya fara girgiɗi. Masu ciwon suga da mata masu juna biyu su suka fi buƙatar kula a nan, dasashinsu ya fi saurin kamuwa.

Malamai da mahaddata, ku tuna wasu haruffan Alƙur'ani da haƙori suke fita. Sa'un mai ɗigo uku da zalun da za'un, kan harshe ne da gefen haƙoran gaba na sama. Fa'un daga leɓen ƙasa da haƙoran sama. Wanda ya bari suka zube shi ya san wahalar da yake sha wajen gyara karatunsa.

Kada wani ya ce zuwa asibiti ba tare da ciwo ba raunin tawakkali ne. Wanda ya fi mu tawakkali ya ce wa Abdullahi ɗan Amr jikinka yana da haƙƙi a kanka, ya kuma ce ku nemi magani ya ku bayin Allah. Na san halin da ake ciki na rashin kuɗi, amma kuɗin dubawa bai kama ƙafar abin da za a kashe bayan ciwo ya yi nisa ba. A je a duba sau ɗaya a wata shida, in bai samu ba ko sau ɗaya a shekara. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da manyan asibitocin jihohi suna da sashen haƙori.

Iyaye, maganar yara ta fi nauyi. Muna cewa ai haƙorin nono ne, zai famfare. To, turmin farko na dindindin yana fitowa can baya tun yaro na wajen shekara 6, ba tare da wani ya faɗi ba, sai a ɗauka na nono ne a bar shi ya ruɓe. Ga kuma cutar noma mai cinye fuskar yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu fama da tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Akwai asibiti guda a Sakkwato domin ita, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar Najeriya. Da kumburin dasashi take farawa, a lokacin magani mai sauƙi na tsayar da ita. Uwa, ɗaga leɓen ɗanki a hasken rana ki duba. In kin ga dasashi ya yi ja yana jini, ko gyambo, ko wari mai ƙarfi, ki kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.